Yadda za ku samu shawarar da babu kwaɗayi a cikinta in za a kai tsoho gidan kula a Ingila

Ranar da nas ta ja mu gefe ta ce Gwaggo ba za ta iya komawa gida ta zauna ita kaɗai ba, wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi. Yayar mahaifina ce, tun shekarun 1970 take ƙasar nan, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu ɗaya yana Kanada ɗayar kuma aikin dare take ga ƙananan yara uku. Shanyewar ɓarin jiki ta samu, daga baya kuma gigin tsufa ya fara shiga, sai ta kunna gas ta manta, sai ta fita da asuba tana neman hanyar gidansu na Zariya. Mun yi karɓa-karɓa a tsakaninmu wata bakwai, har ta faɗi a banɗaki ta kwana a ƙasa ba wanda ya sani. To ni dai ba zan tsaya gardama da masu cewa ɗan halak ba ya kai tsohonsa gidan tsofaffi ba, na san zafin maganar don an faɗa mana ita a waya daga gida ba sau ɗaya ba. Wanda Allah ya hore masa ya riƙe nasa a gida ya gode masa. Wannan rubutun na wanda ya riga ya iso inda muka iso ne.

A cikin kwana uku mutum huɗu suka ba mu shawara, kowa da fara'arsa. Wata mata ta kira ni a waya, na cike wani fom ne a intanet cikin dare ban ma san na ba da lambata ba, ta ce aikinta kyauta ne za ta nemo mana gida mai kyau. Ta turo sunaye uku. Sai daga baya 'yar Gwaggo ta tambaye ta kai tsaye wa ke biyanta, ta ce gidan da muka zaɓa shi zai ba ta kamasho. Ba ƙarya ta yi mana ba, amma gidajen da ba su da yarjejeniya da ita ko sunansu ba ta ambata ba, ciki har da wanda yake minti goma daga masallacinmu. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Saboda haka mataki na farko, kafin komai, ku sayi littafi guda ɗaya na rubutu, duk wanda ya buɗe baki zai ba ku shawara ku rubuta sunansa da ranar da abin da ya ce, sannan ku yi masa tambaya ɗaya, wa ke biyanka, kuma in mun zaɓi wancan gidan ba wannan ba me za ka rasa. Kar ku ji kunya, mu Hausawa kunya tana cutar da mu a irin wannan wurin. Manajan gida yana son ya cike ɗaki. Asibiti suna son gadonsu, kuma gaskiyarsu ne akwai masu jira. Kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, tana lissafin kasafinta. Dillali yana jiran kamashonsa. Duk cikinsu akwai mutanen kirki kuma za ku amfana da kowa, amma ba ɗaya daga cikinsu da zai zama shi kaɗai ne idonku.

Na biyu, kar ku fara yawon duba gidaje tukunna. Ku kira sashen kula da manya na kansul ɗin da tsohon yake zaune a ƙarƙashinta ku ce kuna son a zo a tantance buƙatunsa. Dokar Care Act ta 2014 ta wajabta musu, kyauta ne, kuma ba ruwansa da ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Na nanata wannan don mu an ce mana a waya wai tunda Gwaggo tana da gida ai mu ne za mu biya, mu je mu nema da kanmu kawai. Ba haka dokar ta ce ba, tantancewar haƙƙinta ce. Amfaninta shi ne za ku samu takarda a hannu mai cewa ga irin kulawar da take buƙata, gidan zama ne na wanka da abinci da ba da magani, ko kuwa wanda yake da nas dare da rana, don iri biyu ne kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Wani lokacin ma tantancewar ce za ta nuna ba sai an kai shi ko'ina ba, masu kula za su riƙa zuwa gida sau uku ko huɗu a rana, ko a ba ku kuɗin a hannu ku ɗauki wanda kuka yarda da shi. Wanda yake ɗawainiyar jinyar shi ma yana da haƙƙin a tantance nasa halin daban, ku nema.

Ranar da soshal woka, wato ma'aikaciyar kansul mai yin tantancewar, za ta zo kar ku bar tsoho shi kaɗai da ita. Tsofaffinmu in baƙo ya tambaye su lafiya sai su ce lafiya lau alhamdulillahi, ko da sun kwana suna kuka. Gwaggo ta gyara ɗankwali ta zauna ta ce da matar nan ita ke girkinta ita ke wankanta, alhali rabonta da murhu wata biyar. Ku faɗi yadda ranar da ta fi muni take, ba ranar da ta tashi da sauƙi ba, sau nawa ta faɗi, sau nawa ake canza mata shimfiɗa da dare. In Turancin ya fara guduwa daga bakinta ku nemi tafinta, kuma ku ce Hausa, ku rubuta musu kalmar, don an taɓa turo mana mai wani yaren daban wai ai duk Najeriya ce. Idan kuma tsohon ba ya iya bin maganar kuma ba shi da dangi ko aminin da ya dace ya tsaya masa, dokar ta ce kansul ta samo masa mai tsaya masa wanda ba ma'aikacinta ba ne. Akwai dattawanmu da yawa a garuruwan nan da ba su da kowa sai jama'ar masallaci ko coci, wannan maganar tasu ce.

In a asibiti kuke kuma ana matsa muku ku zaɓi gida kafin Juma'a, ku sani ba dole ne a yanke shawarar dindindin a bakin gadon asibiti ba. Ku tambayi zancen kulawa ta wucin gadi, irin wadda ake yi don mutum ya farfaɗo, tana iya kaiwa sati 6 kuma ba a biya in an ga ya cancanta. Mutumin da ya yi sati uku a kwance ba shi ne za ku gani bayan wata ɗaya ba.

Na uku shi ne maganar wa ke da ikon sa hannu, kuma a nan ne iyalai da yawa suke tuntuɓe. A gida babban ɗa in ya yi magana an gama. A nan kasancewarka ɗa ko mata ko miji bai ba ka ikon taɓa asusun banki ko sayar da gida ko yanke wa mutum inda zai zauna ba. Dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ce ana ɗaukar kowa a matsayin mai hankalin yanke wa kansa hukunci sai an tabbatar da akasin haka, don haka in har Baba yana gane abin da ake ciki to shi zai zaɓa, ko da zaɓin bai yi muku daɗi ba. Abin da ake yi tun mutum yana cikin hankalinsa shi ne takardar wakilci da suke kira Lasting Power of Attorney, iri biyu ce, ɗaya ta kuɗi da dukiya ɗaya ta lafiya da walwala, ana yi mata rajista a ofishin gwamnati mai suna Office of the Public Guardian kuma rajistar tana cin makonni. In an bari hankali ya gushe ba a yi ba sai an bi ta kotu, Court of Protection, wata da watanni ga kashe kuɗi. Mu Allah ya taimake mu Gwaggo ta yi takardar wakilcin kuɗin shekara biyu kafin ciwon, ta lafiyar ce ba ta yi ba, sai da aka riƙa zama da mu ana tattauna abin da ya fi mata alheri amma ba mu ke da kalmar ƙarshe ba. Don Allah wanda iyayensa suke da sauran ƙarfi ya yi musu maganar nan yanzu, tun ran gini ran zane.

Sai kuɗi, kuma a nan zan daɗe don a nan ne shawarar banza ta fi tsada.

A Ingila in dukiyar mutum ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. In ta yi ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar, amma za a karɓi kusan duk fanshonsa a bar masa kuɗin kashewa kimanin fam 30 a sati. Tsakanin biyun kuma ana lissafa fam 1 a sati kan kowane fam 250. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowa da nasa tsarin, kar ku ɗauki lissafin nan ku kai can. Gidan kula a wurare da yawa ya haura fam 1,000 a sati, mai nas ya fi haka, ku ninka sau 52 ku gani. Hukumar CMA mai sa ido kan gasar kasuwa ta yi bincike a 2017 ta gano mai biya daga aljihunsa yana biyan kusan kashi 41 cikin ɗari sama da abin da kansul ke biya a gida ɗaya. Sannan in wani ya ce muku ai akwai iyakar fam 86,000 da ba za a wuce ba wajen biyan kuɗin kula, tsohon labari yake ba ku, gwamnati ta soke shirin a watan Yuli na 2024 tun bai fara aiki ba.

Gidan da mutum ya mallaka fa? Ba kullum ake lissafa shi ba. In miji ko mata suna ciki ba a lissafawa, haka in akwai ɗan uwa mai shekara 60 ko sama, ko mai naƙasa, yana zaune a ciki. In ma za a lissafa, akwai sati 12 na farko da ake ajiye maganar gidan gefe in sauran ajiyar ba ta kai fam 23,250 ɗin can ba. Akwai kuma tsarin da kansul za ta biya a matsayin bashi ta ɗora a kan gidan sai an sayar ko bayan rasuwa, amma fa akwai kuɗin ruwa a kai, mu da muka ji haka sai da muka je wurin malam, kuma ina ba kowa shawara ya ji lissafin daga masanin kuɗi ya ji hukuncin daga malaminsa, kar ya haɗa wa mutum ɗaya aikin biyu.

Wata shawara da za ku ji a majalisa, kuma na rantse sai kun ji ta, ita ce a yi maza a mayar da gidan da sunan yara ko a tura kuɗin Najeriya a sayi fili. Ku yi hattara. In kansul ta ga an yi hakan ne don a guje wa biyan kuɗin kula tana iya lissafawa kamar dukiyar tana nan, kuma ba ta da iyakar shekarun da za ta waiwaya. Shekara 7 da mutane suke faɗa maganar harajin gado ce, ba wannan ba. Kuma fili ko gida da yake can gida shi ma dukiya ne a idonsu, in an tambaya ku faɗi gaskiya.

To wa za ku tambaya wanda ba shi da ɗakin haya kuma ba shi da kamasho? Age UK da Independent Age ƙungiyoyin agaji ne, suna da layin waya kyauta da takardun bayani masu zurfi, ni takardar Age UK kan mallakar gida da biyan kuɗin kula na buga na bi ta da biro layi layi. Citizens Advice suna taimakawa wajen haƙƙoƙi irin su Attendance Allowance, kuɗin tallafin gwamnati ga tsoho mai buƙatar kulawa, wanda ba a duba dukiya kafin a bayar kuma mai biya wa kansa yana ci gaba da karɓa ko yana gidan kula, Gwaggo ta cancanta tun tuni ba wanda ya taɓa gaya mana. Care Rights UK su kuma aikinsu kenan, mazauna gidajen kula da danginsu. In gigin tsufa ne akwai Alzheimer's Society, akwai Dementia UK da nas-nas ɗinsu da ake kira Admiral, wata daga cikinsu ce ta fara yi min bayanin me ya sa Gwaggo take rikicewa da la'asar sakaliya. Kansul ma doka ta ɗora mata ta nuna muku inda za ku samu shawarar kuɗi mai zaman kanta.

In akwai gida ko ajiya mai kauri to ku biya masani, kuɗin da za ku ba shi bai kai na sati ɗaya ko biyu a gidan kula ba a yawancin lokuta. Ku nemo shi ta SOLLA, ƙungiya ce da ke tantance masu ba da shawarar kuɗi ga tsofaffi, sannan ku duba sunansa a rajistar hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi da idonku. Ku tambaye shi shin duk kasuwa yake dubawa ko kuwa kayan wasu kamfanoni ƙalilan yake sayarwa, don iri biyu ne kuma dole ya faɗa muku. Ku ce ya rubuta muku kuɗin aikinsa tun kafin a fara. Lauya kuma ku nemi wanda ya ƙware a sha'anin tsofaffi, ba wanda ya yi muku takardun biza ba. Amma in takardun zaman tsohon ba na dindindin ba ne to nan kam sai an haɗa da masanin shige da fice, don akwai ƙa'idoji na daban.

Abu ɗaya da nake roƙonku kar ku tsallake, NHS Continuing Healthcare. In babbar buƙatar mutum ta lafiya ce ba ta taimakon yau da kullum kawai ba, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ita ce ke biyan komai har ɗaki da abinci, kuma ba a duba dukiya. Ana farawa da gajeren fom na tacewa, in ya wuce sai a yi cikakken zama ana duba fannoni 12 kamar numfashi da cin abinci da fata da motsi da ɗabi'a. Samunsa da wuya, ba zan ɓoye muku ba, mu ba mu samu ba, amma mun samu ɗan kason da NHS ke biya na aikin nas a gidan da ke da nas. Ku nemi a yi fom ɗin a gabanku, ku karɓi kwafi. Akwai ƙungiyar Beacon da ke ba da shawara kyauta na ɗan lokaci a kan wannan tsarin, ku kira su kafin zaman ba bayansa ba. Wanda kuma jikinsa yake saurin lalacewa ana ganin ƙarshe ya matso, akwai hanyar gaggawa, ku tambayi likita ko nas.

Masu cewa a mayar da tsoho gida Najeriya ko Nijar, wannan ma zaɓi ne na gaske kuma ga wasu shi ne mafi alheri, cikin dangi da jikoki da kiran salla. Amma ku yi lissafi da ido buɗe, fanshon gwamnatin Birtaniya ana biyansa a can sai dai ba ya ƙaruwa duk shekara, Pension Credit, cikon fansho ga masu ƙaramin ƙarfi, da Attendance Allowance suna tsayawa, kuma wanda yake da izinin zama na dindindin ba fasfo ba in ya wuce shekara 2 a waje izinin yana iya faɗuwa. Ku tambayi kanku wa zai yi jinyar da hannunsa, ba wa ya fi ɗaga murya a waya ba.

Yanzu ne za ku fara duba gidaje. Ku shiga shafin hukumar CQC, ita ke yi wa gidajen rajista tana duba su, darajoji huɗu take bayarwa daga na ƙwarai zuwa wanda ya gaza. Kar ku tsaya a kan darajar, ku buɗe rahoton ku karanta, kuma ku duba kwanan wata don wani rahoton ya shekara huɗu ko biyar, manaja ya canza mai gidan ma ya canza. Ni sashen tsaro da sashen shugabanci nake fara karantawa. Healthwatch na yankinku, masu sa ido a madadin jama'a kan lafiya da kula, su ma suna shiga gidaje su rubuta abin da suka gani. Yabon da ake rubutawa a shafukan talla kuwa ku karanta amma ku tuna galibi gidan ne yake roƙon iyalan da suka ji daɗi su rubuta.

Muna da wata hanya da Turawa da yawa ba su da ita, 'yan uwanmu da suke aikin kula. Ba unguwar da babu 'yar Najeriya ko 'yar Gana da take shif a gidajen nan, musamman masu aikin ejansi da ake tura su gida gida. Wata ƙanwa a jama'armu na ba ta sunaye biyar, ta kalli ɗaya ta ce Anti wannan da dare mutum biyu ne a kan tsofaffi fiye da talatin. Ba rahoton da zai gaya min haka. Sai dai kar ku sa su faɗi sirrin wani mazauni, suna iya rasa aikinsu, ku tambayi yanayi kawai, ana samun safar hannu da kayan canji ko rowa ake yi, ma'aikata suna daɗewa ko kowane wata sabbin fuska.

Sannan ku je da ƙafarku, gani ya kori ji. Sau biyu aƙalla, ɗaya da alƙawari ɗaya ba sanarwa, kuma ku daidaita da lokacin cin abinci. Gidan farko da muka je akwai fulawa a ƙofa da kujeru kamar otal, amma na tsaya a baranda ina jin ƙararrawar wani ɗaki tana ƙara, na duba agogo, minti tara ba wanda ya leƙa. A falo wata tsohuwa an ajiye mata faranti ya huce a gabanta cokali yana can gefen hannun da ba ya motsi. Gidan da muka zaɓa kafet ɗinsa ya tsufa, amma na ga wata ma'aikaciya ta durƙusa ta daidaita fuskarta da ta wani dattijo kafin ta yi masa magana, kuma ta ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta shiga ɗaki. Ku shaƙi iskar wurin, wari na ɗan lokaci ba laifi ba ne, wanda ya kama labule da kujera shi ne magana. Ku dubi farcen mazauna da gashinsu. In kun haɗu da wani ɗan uwan mazauni a wurin ajiye mota ku gaishe shi ku tambaye shi.

Tambayoyinmu na addini da al'ada ba wanda zai yi muku su. Kowane gida zai ce eh muna girmama kowa, ku wuce wannan. Naman halal daga ina ake sayowa, ko dai kifi da ganye za a riƙa ba ta kullum a ce an yi halal. Za a bar mu mu kawo tuwo da miyar kuka ko kunu daga gida, kuma in tana da matsalar haɗiya yaya za a yi da kaurinsa. Mace ce za ta riƙa yi mata wanka da tsarki har da dare, ko sai yadda jadawalin ya faɗa. Akwai mai jin Hausa ko ɗaya, don mai gigin tsufa yakan saki yaren da ya koya daga baya ya koma na nono, Gwaggo da ta yi shekaru tana aiki da Turanci yanzu in tana jin zafi "wayyo cikina" take cewa. Za a bar limami ko fasto ya shigo, za a bar mu mu zo mu goma ranar Salla. Tun Afrilun 2024 ziyara ta shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke bin gidaje a kansu, amma ku ji tsarin gidan da kunnenku. Sai maganar da ba ma son yi, in rai ya yi halinsa cikin dare wa za a kira, da wane sauri ake kiran likita don takarda ta fito a yi jana'iza ba jinkiri. Duk amsar da aka ba ku ku ce a sa ta cikin rubutaccen tsarin kula da ita, manajan da ya yi muku alƙawari da baki yana iya barin aiki wata mai zuwa.

Kwantiragi kar ku sa hannu a ofishin manaja, ku kai shi gida, ku ba lauya ko ku kira ɗaya daga ƙungiyoyin can ku karanta musu wuraren da suka ɗaure muku kai. Ku duba yadda ake ƙara kuɗi duk shekara da sanarwar kwana nawa, me ke cikin kuɗin me ke waje, rakiya zuwa asibiti da gyaran gashi da yankan farce sau da yawa daban ake caja. Kwana nawa ake ci gaba da caja bayan rasuwa, CMA ta ce bai kamata ya wuce kwana 3 ba, ko kuma har a kwashe kaya amma kar ya zarce kwana 10. A wane hali za su iya cewa a fitar da ita. Da babbar tambaya, in kuɗinta ya ƙare ya sauko zuwa fam 23,250 za su karɓi farashin kansul ko sai an tashe ta. Tashin mai gigin tsufa daga inda ya saba ba ƙaramin abu ba ne. Ku lura da inda aka ce ka sa hannu a matsayin mai lamuni, wannan yana nufin bashin ya dawo wuyanka kai da kanka, in wakili ne kai ka rubuta a fili cewa a madadinta kake sa hannu.

In kansul ce ke biya, dole ta nuna muku aƙalla gida ɗaya da ya dace da buƙatun kuma kuɗin da ta ware ya isa. Cikon da dangi suke yi sai in ku ne kuka zaɓi mafi tsada, kuma da kansul ake yin yarjejeniyar a rubuce. Kar ƙauna ta sa yara su ce za mu haɗa fam ɗari biyu duk sati ba su yi lissafin shekara uku ko biyar ba, ga cikon yana hawa.

Bayan an shiga ma littafin nan naku bai gama aiki ba. In da hali ku fara da zaman gwaji na sati biyu zuwa huɗu. Ku riƙa zuwa a lokuta mabambanta. In abu ya faru ku fara da manaja a rubuce, in bai gyaru ba akwai ofishin sauraron koke mai suna Local Government and Social Care Ombudsman, yana karɓar ƙorafin wanda kansul ke biya wa da mai biya wa kansa, kyauta. CQC ba ta bin ƙorafin mutum ɗaya amma ku sanar da ita don tana tarawa. In kuwa cutarwa ko sakaci kuka gani, kai tsaye sashen kare manya na kansul, ranar ba gobe ba.

Mu a zaman bita na farko, wajen sati shida da shigarta, abin da muka kai bai wuce biyu ba. An daina samun butarta a banɗaki, masu shara suna ɗauke ta suna zaton ta ban ruwan fulawa ce, ita kuma Gwaggo ta daina yarda a kai ta banɗakin suna ta rubuta wai tana gardama. Na biyu ana sa mata abincin dare daidai magariba. Muka zauna da nas aka rubuta duka biyun a cikin tsarin, aka manna ƙaramar takarda a jikin butar da sunanta, aka ja abincin baya da rabin awa, aka kuma manna alamar alƙibla a jikin bango kusa da taga inda kujerarta take.